Tambaya da Amsa: Sabuwar Kwamfuta Ta Iso, Kayan Haɗinta Suna Hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar bidiyo ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim a Jihar Jigawa. Ina ɗaukar bikin aure da saukar karatu da naɗin sarauta, kuma da wannan sana'a nake riƙe iyalina. Wata huɗu da suka wuce yayana da ke aiki a ƙasar waje ya aiko mini da sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda kafofinta duk ƙanana ne irin bakin cajar wayoyin yanzu, da alamar walƙiya a gefensu, takardarta kuma ta ce sunansu Thunderbolt 5. Filashina da tsohon rumbuna na ajiya da abin karanta katin kyamara duk masu faɗin baki ne, babu wanda ya shiga. Na je Kano na ba wani ɗan kasuwa kafin alƙalami domin ya kawo mini rumbun ajiya da mahaɗa na ainihin Thunderbolt 5, yau wata uku ke nan, kullum sai ya ce kaya suna hanya. Kwamfutar tana nan cikin kwalinta don gudun kada in sa mata abin da zai lalata ta, tsohuwar da nake aiki da ita tana jan ƙafa, masu biki kuma sun fara ƙorafi. In ci gaba da jira ne, ko in sayar da ita in sayi mai tsofaffin kafofi? Kuma me ya sa ake fitar da kwamfuta tun ba a fitar da kayan da za a haɗa ta da su ba?

Daga mai karatu, Ringim.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa yayanka da alheri, ya kuma sa wa sana'ar albarka. Kada ka sayar da wannan kwamfuta, kuma kada ta ƙara kwana a cikin kwali. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wata huɗun da aikinka ya yi yana tafiyar hawainiya, alhali abin da zai warware maka matsalar yana nan jibge a shagunan kayan waya na Farm Centre da na titin Beirut a Kano, a kan kuɗin da bai kai kaso ɗaya cikin goma na abin da kake jira ba.

Bari in fara da abin da ke rikita mutane da yawa. Ƙaramar kafar nan da kake gani, wadda ake sa mata kebul ta kowace fuska, sunanta USB-C, kuma an kammala tsarinta a shekarar 2014. USB-C sunan siffar bakin ne kawai. Abin da ke bi ta cikinsa kuwa iri-iri ne: wata kafar caji kaɗai take yi da ɗan jigilar bayanai, wata tana fitar da hoto zuwa allo, wata kuma, kamar taka, tana ɗauke da Thunderbolt, wanda ya haɗa duk waɗannan da gudu mai yawa. Tun daga Thunderbolt 3, wanda kamfanin Intel ya bayyana a 2015, ake amfani da wannan baki, kuma an gina Thunderbolt 5 ne yadda zai karɓi na'urorin USB na yau da kullum da na USB4 da na Thunderbolt 3 da 4. Kai ɗan yankin noman rani ne, ka san idan aka ɗaura wa injin ban-ruwa mai inci uku tiyo mai inci biyu ta hanyar mahaɗin da ya dace, ruwa zai isa gona, sai dai zai zo ne gwargwadon faɗin tiyon. Haka kafarka take. Ka nemi ƙaramar mahaɗa mai bakin USB-C a gefe guda da kafofi masu faɗi biyu ko uku da ramin katin kyamara a ɗaya gefen, ka sa filashinka da rumbunka, za su yi aiki da gudun da suka saba, kuma ba za su cutar da kwamfutar ba.

Game da dalilin jinkirin, wannan ba yau aka fara ba. An fitar da USB na farko a 1996, amma sai da aka shekara biyu kafofin suna zaune a bayan kwamfutoci babu abin kirki da za a sa musu, har zuwa 1998 lokacin da Windows 98 ta fito da cikakken goyon bayansa, kamfanin Apple kuma ya fitar da iMac wadda ta yi watsi da tsofaffin kafofinsa ta dogara da USB. Thunderbolt na farko ya bayyana a kwamfutocin MacBook Pro na Apple a watan Fabrairu na 2011 da gudun jigilar bayanai na gigabit 10 a daƙiƙa, amma waɗanda suka saya a Amurka da Turai sai da suka jira har tsakiyar shekarar kafin rumbun ajiya na farko ya shiga kasuwa, kuma mafi araharsa ya kusa dala dubu, kebul ɗinsa kaɗai dala 49. Thunderbolt 5 shi ma Intel ya sanar da shi a watan Satumba na 2023, kwamfutocinsa suka fara fitowa a 2024, kayan haɗinsa suka biyo baya da kaɗan-kaɗan.

Sababin haka a fili yake ga duk wanda ya san kasuwa. Mai ƙera rumbun ajiya ba zai zuba jarinsa ba sai ya ga kwamfutocin da ke da kafar sun yi yawa a hannun jama'a, don haka dole kwamfutar ta riga fitowa. Bayan haka kowace na'urar Thunderbolt tana buƙatar wani ɗan ƙwaƙwalwa na musamman a cikinta wanda ke sarrafa wannan gudu, kuma ba a yarda a buga mata alamar walƙiya sai ta ci jarrabawar tantancewa, abin da ke cin watanni da kuɗi. Mu kuma a nan akwai ƙarin zango a kan wannan. Mai shigo da kaya daga Sin ko Dubai yana sayen abin da ya tabbata zai ƙare a shagonsa cikin makonni, kuma da wuya ya ɗaure kuɗinsa a kan mahaɗa mai tsada wadda mai nemanta a duk faɗin Kano da Jigawa bai fi a ƙirga da yatsu ba, balle ga farashin dala da ba ya zama wuri ɗaya. Ina kyautata zaton mutumin da ka ba kuɗi ba yaudararka yake nufi ba. Mai yiwuwa shi ma wani yake jira a Legas, wanda shi ma yake jiran wani.

Yanzu mu zo ga tambayar da ba ka yi ba, wadda a ganina ta fi muhimmanci: shin aikinka yana buƙatar wannan gudu kuwa? Thunderbolt 5 yana ɗaukar gigabit 80 a daƙiƙa, ninki biyu na Thunderbolt 4, yana kuma iya kaiwa 120 ta ɓangare guda idan manyan alluna ake ciyarwa da hoto. Mu ɗauka ka dawo daga biki da bidiyo mai nauyin gigabait 100 (gigabait daban yake da gigabit: gigabait ɗaya gigabit takwas ne, kuma kusan megabait dubu ne). Tsohon rumbu mai faifai da ke juyawa a ciki, wanda gudunsa bai cika wuce megabait 120 a daƙiƙa ba, zai kwafe shi cikin kimanin minti 14. Rumbu na zamani marar faifai, wanda ake kira SSD, mai bakin USB-C da gudun gigabit 10, zai gama cikin ƙasa da minti biyu. Na Thunderbolt 4 zai yi shi cikin rabin minti da ɗoriya, na Thunderbolt 5 kuma cikin ƙasa da daƙiƙa 20. Ka duba inda babbar riba take: tsakanin minti 14 da minti biyu ne, kuma rumbun da zai ba ka wannan ribar ana samunsa a Kano yau. Abin da ya rage bayan nan minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu, waɗanda za ka saya da kuɗi mai yawa.

Akwai ma wani abin da ya fi wannan. Bidiyon naka daga katin kyamara yake fitowa, kuma mafi yawan katunan da ke hannun masu ɗaukar biki a ƙasarmu irin UHS-I ne, wanda iyakar gudunsa bisa ƙa'ida megabait 104 ne a daƙiƙa. Ko da ka mallaki mahaɗar da ta fi kowace tsada a duniya, sauke gigabait 100 daga irin wannan kati zai ci fiye da kwata ɗin awa. Waɗanda Thunderbolt 5 ke yi wa rana su ne masu tace fim mai nauyin gaske a kan alluna biyu ko uku lokaci guda. Idan Allah ya kai sana'arka can, kafar tana nan tana jiranka, kuma a lokacin kayan sun yawaita, farashinsu ya sauko.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan na gaske shi ne kebul, domin a nan ne tsoronka yake da tushe. Kebul biyu za su yi kama da juna kamar an tsaga kara, amma ɗaya na caji ne kawai da gudun USB 2.0, wato megabit 480 a daƙiƙa, wanda aka fitar tun shekarar 2000, ɗayan kuma yana ɗaukar ninkinsa fiye da ɗari. Yawancin waɗanda ke zuwa cikin kwalin waya irin na farko ne. Haka kuma wani wutar wat 60 kaɗai yake iya ɗauka, wani 100, wani 240. Rashin gudu ba ya lalata komai, amma kebul da aka haɗa wayoyin cikinsa ba daidai ba yana iya ƙona kafa. Wani injiniyan kamfanin Google mai suna Benson Leung, wanda ya shahara da gwada irin waɗannan kebul, ya rasa kwamfutarsa ta wannan hanya a farkon 2016. Saboda haka ka yi caji da cajar da ta zo da kwamfutar, ka yi amfani da kebul ɗin da ya zo cikin kwalin rumbun, kada ka sayi na tallan bakin tasha wanda babu suna babu rubutu a jikinsa. Na ainihin Thunderbolt yana da alamar walƙiya da lamba a kansa, kuma galibi gajere ne.

Ka kuma tuna da yanayin da kake aiki a ciki. Babbar mahaɗar da ka yi oda tana zuwa da nata abin jan wuta, wanda sau da yawa ya haura wat 100, kuma idan da sola da ƙaramar inbata kake aiki wannan kaya ne a kan batirinka. Ƙaramar mahaɗa da rumbun SSD kuwa daga jikin kwamfutar suke shan wutarsu. Lokacin hunturu ka riƙa rufe kwamfutar da ƙyalle idan ka tashi, domin a cikin wannan ɗan bakin akwai ƙananan haƙora 24, kuma ƙura tana hana su haɗuwa da kyau. Idan ta shiga, a fitar da ita da iska, kada a sa allura.

Batun kuɗinka kuwa, ka koma wurin ɗan kasuwar cikin mutunci, ka tafi da wani babba da kuka yarda da shi ku biyu. Malamanmu sun karantar da cewa cinikin da ake biyan kuɗi kafin a karɓi kaya ba ya inganta sai an san siffar kayan an kuma yanka ajali sananne, "suna hanya" kuwa ba ajali ba ne. Ku sa rana a rubuce, da sunan na'urar da lambarta. Ni dai shawarata ita ce ka nemi ya juya kafin alƙalamin zuwa abin da ke shagonsa yanzu, wato ƙaramar mahaɗa da rumbun SSD mai terabait ɗaya, ka je da kwamfutar a gwada su a gabanka, ka kwafi babban fayil ka ga gudun da idonka kafin ka baro shagon.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar makarantar sakandare ce a ƙasar Rano. Makarantarmu tana da majigi mai tsohuwar kafa shuɗiya mai ramuka da yawa, ni kuma sabuwar kwamfutata USB-C kawai gare ta. Na aika an sayo mini adafta daga birni, bayan mako biyu ta iso, na haɗa, amma ko ɗigon hoto bai fito a bango ba. Adaftar ce jabu?

Daga wata mai karatu, Rano.

AMSA: Barka kadai, Malama, Allah ya ba da ladan koyarwa. Tana iya zama jabu, amma kafin ki yanke mata hukunci ki binciki kafar kwamfutar. Shuɗiyar kafar majigin sunanta VGA, kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, kuma adaftar da ke kai mata hoto tana aiki ne kawai idan kafar USB-C ɗin da aka sa ta a ciki tana fitar da hoto tun asali. Ba kowace ke yi ba, musamman a kwamfutoci masu sauƙin kuɗi, inda akan sami kafa biyu masu kama ɗaya, ɗaya tana fitar da hoto ɗaya ba ta yi. Ki duba gefen kowace: alamar walƙiya ko harafin D mai P a cikinsa suna nuna tana iyawa. Ki gwada ɗaya kafar idan akwai, ki tabbata an saita majigin a kan mashigar VGA, sannan idan Windows kike amfani da ita ki danna maɓallin Windows tare da harafin P ki zaɓi a maimaita allon.

Idan duk wannan bai yi ba, ki gwada adaftar a kwamfutar wani malamin mai irin wannan kafa. In ta yi aiki a can, kafarki ce ba ta fitar da hoto, kuma abin da zai fisshe ki shi ne wata adafta ta daban mai fasahar DisplayLink, wadda ke tura hoto ta hanyar USB na yau da kullum bayan an sa wa kwamfutar manhajarta. Ta fi waccan tsada kuma ba kowane shago ke ajiye ta ba, don haka wannan karon kada ki aika. Ki rubuta lambar kwamfutar, ki tafi da ita ranar da babu makaranta, a haɗa ta da allo a shagon ki ga hoton ya fito. Ki kuma tanadi ƙaramar lasifika, domin VGA hoto kaɗai take ɗauka, sauti ba ya bi ta cikinta.