Allon wayata yana mutuwa da zarar na amsa kira

Tambaya: Malam, duk lokacin da na amsa kira sai allon wayata ya yi baƙi, ba ya dawowa har sai wanda ya kira ni ya katse. Wani abokina ya turo mini rubutaccen umarni na shell, wato irin wanda ake rubuta wa tsarin waya kai tsaye, ya ce idan na sa shi zai kashe na'urar da ke jawo haka. In yi amfani da shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Na'urar da abokinka yake nufi tana can saman waya, kusa da ƙaramar lasifikar da ake karawa a kunne. A yawancin wayoyi haske take fitarwa wanda ido ba ya gani, idan ya daki wani abu ya dawo sai ta ɗauka kunne ne, ta kashe allo don kada kunci ya danna abin da ba a nufa ba. Saboda haka duk abin da ya rufe wurin, ko ƙurar hunturu, ko maiƙon fuska, ko gilashin kariya da aka manna a karkace, zai sa ta zaci kana kan waya har abada. Sau da dama na ga an ɓare gilashin nan, an goge wurin da ƙyalle mai laushi, matsalar ta wuce nan take. Idan wayarka Samsung ce, danna *#0*# a wurin buga lamba ka gwada na'urar da tafin hannunka.

Shi kuwa umarnin, yana iya aiki, amma ba na so ka sa shi a makance. Abin da irinsa yake yi shi ne rubuta sifili a cikin wani fayil da ke ƙarƙashin /sys, wata ma'ajiyar fayilolin tsarin waya, don ya kashe na'urar, kuma wurin da fayil ɗin yake ya bambanta daga waya zuwa waya, don haka wanda aka rubuta wa wata wayar ba lallai ya dace da taka ba. Ba zai ma taɓa fayil ɗin ba sai an yi wa wayar rutin, wato an ba ka cikakken iko a kanta, abin da yakan buƙaci buɗe makullin tsarinta, wanda ke share duk abin da ke ciki. Bayan haka manhajojin banki da yawa sukan ƙi buɗewa. Ga shi kuma canjin yana gushewa idan wayar ta sake kunnuwa, shi ya sa masu Magisk, manhajar da ake yin rutin da ita, suke ajiye umarnin a ma'ajiyar /data/adb/service.d domin ya riƙa tashi da ita.

Tun daga Android 10 akwai maɓallin Sensors Off, mai kashe irin waɗannan na'urori na waya har da wannan, a cikin saitunan masu haɗa manhaja (Developer options), waɗanda ke bayyana idan ka taɓa Build number, a shafin bayanin waya, sau 7. Sai dai yana rufe kyamara, kuma saƙon murya na WhatsApp zai fita shiru, don haka ka riƙa kashe maɓallin bayan kira. Kafin ka kai ta wurin mai gyara, ka kunna saitin da ke ba maɓallin kunna waya damar katse kira, ko ka riƙa amsawa da abin sawa a kunne.