Nauyin yaro da ciwon sukarin girma: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ɗana da kilo 2.2 aka haife shi. Yanzu shekararsa huɗu, ya yi ɓul-ɓul, kakarsa sai murna take yi wai ya rama bashi. Sai na ji ana cewa irin wannan ƙibar tana jawo ciwon sukari idan an girma. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, akwai gaskiya a ciki, amma kada hankalinki ya tashi. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba a ranar haihuwa, sau da yawa bai samu isasshen abinci a cikin mahaifa ba, jikinsa ya ginu ne a kan tsimi: tsoka kaɗan, kuma sashen da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, bai yi ƙarfi sosai ba. Idan daga baya aka yi masa ɗurar abinci mai sukari da maiƙo, kitse ne zai taru, ba tsoka ba.

Wani likitan Ingila, David Barker, shi ya fara jan hankalin duniya kan wannan a shekarun 1980, bayan ya bi tsofaffin takardun awon jarirai. Daga baya aka bibiyi mutanen da aka haifa a Helsinki ta ƙasar Finland tsakanin 1934 da 1944. Waɗanda ciwon zuciya ya fi kamawa su ne waɗanda aka haifa ƙanana, suna ramammu a shekara biyu, sannan suka yi ƙiba da sauri bayan nan. A birnin Delhi na Indiya ma an ga irin haka game da ciwon sukari, a binciken da aka fitar a 2004.

Shi ya sa nake damuwa idan na ga an ajiye katin awo da zarar an gama allurar rigakafi. Ki nemo nasa, ki kai shi asibiti a auna tsayi da nauyi tare, a ga ko nauyin ya tsere wa tsayin. Ba a sa wa ɗan shekara huɗu takunkumin abinci. Ki rage lemon kwalba, biskit da cincin, ki ƙara wake, ƙwai, kifi, zogale da 'ya'yan itace. Ki kuma lallashi Kaka, domin galibi a ɗakinta ake samun alewar.

Tambaya: 'Yata shekararta tara, tana da jiki sosai. Wuyanta ya yi baƙi, mun cuɗa da soso har ta gaji da kuka, bai fita ba. (Wani uba daga Maraɗi)

Amsa: Malam, don Allah a daina cuɗar nan, ba dauɗa ba ce. Fata mai duhu da kauri a bayan wuya ko hammata, mai laushi kamar karan-miski, alama ce da ke nuna jiki ya fara ƙin jin maganar insulin. A kai ta a gwada sukarin jininta da safe kafin ta karya, a kuma duba hawan jini.

Kun zo a kan kari. Wani bincike a Denmark da ya bi maza sama da 60,000, aka fitar a 2018, ya nuna cewa yaran da suke da ƙiba a shekara 7 amma nauyinsu ya daidaita kafin 13, haɗarin ciwon sukarinsu ya zama kamar na waɗanda ba su taɓa ƙiba ba. Maza aka bincika, amma ina ba iyayen 'ya'ya mata shawara iri ɗaya: a yi gyaran kafin balaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Tsallen igiya, 'yar gala-gala da zuwa makaranta a ƙafa duk suna ciki. Kuma gidan gaba ɗaya ya canja cima. Na sha ganin yarinya zaune da kwanon kwaɗo tana kallon ƙannenta suna shan lemo, abin yana ci mini rai. Kada kuma a bari 'yan uwa su laƙa mata suna.

Tambaya: Na yi fama da tamowa ina yaro, don haka ban taɓa tunanin ciwon sukari ba. Yanzu ina da shekara 38, tumbi ya fito. (Wani ɗan kasuwa daga Kano)

Amsa: Alhaji, ramar yarinta ba ta kare ka ba, tana ma iya ƙara haɗarin idan tumbi ya biyo baya. Ka auna kugunka da tef a daidai cibiya. Idan ya wuce rabin tsayinka, kitsen ciki ya yi yawa. Ka je gwajin sukari da na hawan jini cikin watan nan. Sukarin safe kafin a karya da ya kai 126 mg/dl a gwaji biyu, ciwon sukari ne, sai a fara kula.

Tambaya: Jaririyata kilo 4.3 ta zo, kowa na sa albarka. Akwai damuwa? (Wata mai jego daga Gusau)

Amsa: Allah ya raya. Ke zan fara dubawa, Maman jaririya: jariri da ya haura kilo 4 wani lokaci alama ce ta sukari ya hau lokacin goyon ciki. Ki yi gwaji bayan arba'in, ki kuma faɗa wa ma'aikatan awo idan kin sake samun ciki. Jaririyar kuwa nono zalla har wata shida, ko ruwa ba sai an ba ta ba.