Yadda ake sarrafa umarnin rails new kafin a fara sabon aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Katsina, ina koyon Ruby on Rails, wato tsarin haɗa manhajojin intanet, domin in haɗa wa kawuna manhajar lissafin shagonsa na hatsi. Duk sanda na rubuta rails new, umarnin fara sabuwar manhaja, sai kwamfutar ta kama sauke abubuwa har datata ta ƙare, wani lokacin ma sabis ya yanke a tsakiya. Akwai mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai mafita. Aiki biyu wannan umarni yake yi: yana rubuta foldoji da fayilolin manhajar, wanda ba ya cin data, sannan ya kira bundle install domin sauko da ƙananan manhajojin da ta dogara da su, kuma nan ne datarka take tafiya. Idan ka rubuta rails new hatsi --skip-bundle (hatsi shi ne sunan manhajar), zai tsaya a aikin farko, sai ka shiga foldar ka rubuta bundle install a lokacin da sabis ya zauna. Sai dai ka lura, daga Rails 7 wannan zaɓi yana tsallake shirya JavaScript, harshen da ke aiki a cikin burauza, don haka za ka bi baya da bin/rails importmap:install. Abin da ka sauke kuwa yana zama a kwamfutarka, ba za ka sake biyan kuɗinsa a aiki na gaba ba.

Akwai kuma --minimal, wanda ya zo da Rails 6.1 a shekarar 2020, yana cire sashen aika imel da na ajiye hotuna da wasunsu. Ya dace da mai koyo, amma idan kawunka zai so a riƙa ajiye hoton rasiɗi, kada ka sa shi, domin dawo da abin da aka cire ya fi wahala.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne rumbun bayanai, wato inda manhajar take ajiye lissafin. Idan ba ka zaɓa ba, Rails zai ba ka SQLite, wanda fayil guda ne a cikin aikin, kuma a ganina ya ishi shago ɗaya mai lissafin buhunan gero da masara da bashin 'yan sari. Idan kuwa akwai rassa, a ce ɗaya a Daura, kuma mutane da yawa za su riƙa shigar da ciniki a lokaci guda, ka fara da -d postgresql, wanda ke zaɓar rumbun PostgreSQL maimakon SQLite, tun ranar farko. Gaskiya ne akwai umarnin db:system:change mai sauya rumbu daga baya, amma saituna kawai yake gyarawa, ba ya kwashe bayanan da aka riga aka shigar, kuma lissafin dukiyar mutum ba abin gwaji ba ne.

Kada ka sa --api, domin na manhajar da ba ta da shafukan da mutum zai gani ne. Kafin ka zartar da komai, ƙara --pretend zai nuna maka fayilolin da za a ƙirƙira ba tare da an rubuta su ba, rails new --help kuma zai jero maka sauran zaɓuɓɓukan da ke cikin sigar da kake da ita.