An yi yawo da ni gida-gida, yanzu dangi sun ce in karɓe 'ya'yana daga uwarsu

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ina da shekara 5 mahaifina ya saki mahaifiyarmu, ya karɓe mu. Daga nan aka shiga yawo da ni: gidan gwaggona a Zariya, gidan baffana, a dawo da ni wurin matar babana, in kuɗin haya ya gagara mu kwashe kaya mu koma wata unguwa. Firamare biyar na yi kafin in gama aji shida. Kayana kullum a ɗaure suke cikin buhu ɗaya, don ban san ranar da za a ce in tashi ba. Yanzu ƙaddara ta raba ni da matata, har idda ta ƙare. 'Ya'yanmu uku, babban shekararsa 8, ƙaramar bana aka yaye ta. Wurin aiki sun mayar da ni Kaduna daga Kano. Dangina sun ce ɗa na uba ne, in karɓo su in rarraba wa yayyena mata kafin in sake aure. Hankalina bai kwanta ba. Me shari'a ta ce?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya sanyaya maka zuciya. Wannan buhun da ka ambata ya tsaya mini a rai, domin yaron da ba ya kwance kayansa ya riga ya gane cewa shi baƙo ne a duk inda aka ajiye shi.

Abin da dangi suka faɗa gaskiya ne ta fuskar nasaba, ciyarwa da waliccin aure. Reno kuwa babi ne daban, malamai suna kiransa hadana, kuma uwa ce kan gaba a cikinsa. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa wata mata ta zo wurin Annabi (SAW) ta ce wannan ɗan nata cikinta ne mazubinsa, nononta ne salkarsa, cinyarta ce mafakarsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ya ƙwace shi. Sai ya ce mata: "Ke kika fi cancanta da shi matuƙar ba ki yi aure ba."

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, wannan haƙƙi ba ya ƙarewa da yaye. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa reno na uwa ne bayan saki har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure mijin ya tare da ita. In uwa ta rasu ko ta yi wani auren, reno ya koma wurin kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Gwaggo, wadda danginka suke son a fara da ita, tana can baya a layi. Al'adar nan ta "an yaye shi, a kawo mana ɗanmu" ba daga littafi ta fito ba.

Dubi Sayyidina Umar. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a gabansa kan abin hawa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya ce ya bar mata shi, Umar kuwa bai ƙara cewa uffan ba. In Umar ya saki hannun ɗansa saboda hukunci, ban ga uban da zai ce girmansa ya faɗi don ya yi haka ba.

Saura batun tafiyarka, kuma a nan ba zan ɓoye maka abin da ke gefenka ba. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun ce idan uba zai ƙaura ƙaura ta zama dindindin, nisan baridi 6 ko fiye, wato kimanin mil 72, hanya da garin kuma akwai aminci, yana iya tafiya da ɗansa sai dai in uwar za ta bi su. Tsakanin Kano da Kaduna ya haura wannan. Amma sun bambanta tafiyar ƙaura da tafiyar neman abinci. Ma'aikacin da aka tura bana, baɗi a iya tura shi wani gari, ya fi kama da matafiyin fatauci. Sannan ko an ba ka wannan dama, an ba ka ne don yara su zauna a ƙarƙashin idonka. Kai kuwa ba gidanka za ka kai su ba, rarraba su za a yi, wannan a ɗakin wannan yaya, waccan a ɗakin waccan. Ba su samu uwa ba, ba su samu uba ba, an kuma raba su da junansu. Ibnul Ƙayyim ya rinjayar da cewa a irin wannan tafiya maslahar yaro ake dubawa, kuma ba a biye wa wanda ya yi tafiyar don ya cuci ɗayan. Allah ya ce a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Abu Ayyub cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama.

Don haka fatawata ita ce: bai halatta ka karɓe su don ka rarraba su ba, matuƙar uwar mai amana ce, mai hankali, tana iya tsare su. Ka bar su tare a hannunta. Ci, sutura, magani da kuɗin makaranta duk a kanka suke gwargwadon samunka, haka ma kason yaran na kuɗin muhalli. Wannan na ƙarshen shi aka fi yin sakaci da shi, shi ne kuma yake jefa uwa da yara cikin yawon ɗakunan haya, irin wanda ka ɗanɗana. In da hali ka biya hayar shekara gaba ɗaya a unguwar da suke, kada babban ya sauya makaranta. Ka sa ranar zuwa ganinsu, ka riƙa cika ta. Ita ma ba ta da ikon hana ka ganinsu ko sa ido a tarbiyyarsu.

Tun yanzu ku zauna da waliyyinta da shaidu biyu, ku rubuta inda yaran za su koma idan ta yi aure, bisa jerin da na ambata, wuri ɗaya, su uku tare. In an kasa daidaitawa, ko ka ga wata cutarwa a fili, alƙali ne zai raba, ba taron dangi ba.

Yayyenka kuwa ka gode musu, ka yi musu magana mai laushi, ka ba su labarin buhun nan. Wataƙila ba su taɓa ji daga bakinka ba.

Wallahu a'alam.