Alhaji, kar ka taɓa jarin shago a kan maganar baki

Wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya turo min tambaya. Ɗansa ya gama karatun tuƙin jirgi a Zariya, ya karɓi lasisi da awa 200 da ɗan wani abu na tuƙi a sama, amma har yanzu yana zaune a gida ba aiki. Ƙanin matarsa ya ce a kawo dala 25,000 yaron ya je waje ya yi taif retin na Boeing 737, wato horo na musamman kan nau'in jirgi ɗaya, wai ya san wani babba a wani kamfanin jiragen sama, yana dawowa za a ɗauke shi. Alhaji na son ya ciro kuɗin daga jari.

Alhaji ranka ya daɗe, duk tsawon saƙonka ban ga inda ka ce ga takarda ba. "Na san wani babba" shi ne kaɗai abin da ke hannunka, kuma a kansa kake son ka fitar da sama da naira miliyan 30. Kai da ko dila ɗaya ba ka bayarwa bashi sai an rubuta a littafi, me ya sa da aka zo kan surukinka ka ajiye biro? Ban ce maƙaryaci ba ne, wataƙila har zuciyarsa yake faɗa, amma ba shi ke ɗaukar matuƙa ba, kuma babban nan ana iya canja masa kujera gobe.

Retin ɗin nan fa ba digiri ba ne da za a sa a akwati ya jira. Wa'adinsa kamar shekara guda ne, in yaro bai tashi jirgin ba sai ya koma simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi a ƙasa, a sake gwada shi a sake biyan dala. Kuma na jirgi ɗaya ne tak. Max Air na da 737, amma Ibom Air Airbus A220 da CRJ900 suke amfani da su, Air Peace kuma sun haɗa da Embraer, to in gurbi ya buɗe a inda ba 737 fa? Sannan kamfanoni da yawa in suna neman mai retin sai ka ga sun ce da awa 500 a kan jirgin, shi kuwa naka duk a simuleta ya yi nasa.

Na san wani dattijo da ya sayar da fili a kan irin wannan alkawari, yaron ya dawo da takardarsa yana murna, mutumin da ya yi alkawarin ya daina ɗaga waya, retin ya mutu a gida, yanzu ko gaisawa ba sa yi da ɗan'uwan da ya haɗa su, wallahi ɓacin zumuncin ya fi asarar filin ciwo. Ka tuna ɗalibai 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan zamanin Kwankwaso, da yawansu sun dawo da lasisi sun daɗe suna neman kujerar jirgi. Masu cewa matuƙi na kwasar miliyoyi duk wata, kyaftin suke hange mai dubban awowi, ba sabon yaro ba, ni na gaji da jin wannan lissafin.

A hali ɗaya ne kawai ya dace a biya kuɗin retin: in kamfani ya gwada yaron, ya ci, an ba shi takardar ɗaukar aiki mai sa hannu da ke cewa ya kawo retin na jirgi kaza. Ko a Turai haka Ryanair ke yi, sai ka tsallake tantancewarsu tukuna kake biya. Wanda ya fi ma shi ne kamfani ya biya, yaron ya sa hannu zai yi musu aiki na wasu shekaru.

Kafin nan ya nemi lasisin koyarwa, ya fi araha nesa ba kusa ba, yana koyar da ɗalibai yana tara awowi, tunda babban lasisi ma, na zama kyaftin, sai da awa 1,500. Surukinka kuma ka ce masa cikin mutunci ya kai ku ofishin kamfanin da kanku, kai da yaron. In takarda ta fito, turo min hotonta kafin ka canja ko dala ɗaya.