Amsa: Ina sabon shiga zai fara nutso a Bahar Maliya?

Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Alƙahira, kana sha'awar nutso da tukunyar iska amma zurfi na ba ka tsoro. To ka nufi Dahab, a kudancin Sina'i, ka nemi wurin da ake kira Lighthouse. Ba ruwanka da jirgin ruwa, daga gaɓa za ka taka ka shiga, ƙasan tana gangarawa a hankali. Tun a mita 5 za ka ga ƙananan kifaye masu launin ruwan lemo sun yi dandazo a kan murjani.

A gwajin farko ba a wuce mita 12, kuma mai koyarwa na gefenka. In ka yi kwas na kwana uku zuwa huɗu, takardar shaidar za ta ba ka damar kai mita 18.

Abin da na fi so ka riƙe: kada ka taɓa riƙe numfashi. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikinka ya ninka na bakin gaɓa, don haka iskar da ke huhunka kumbura take yi yayin da kake tasowa, tana iya yi wa huhun rauni. Kunne kuma, tun kafin ya fara ciwo ka toshe hanci ka hura a hankali. Don Allah kada ka taɓa murjani. Wani yana ƙuna kamar wuta, kuma in ya karye sai ya yi shekaru bai farfaɗo ba.

Blue Hole, wani rami mai zurfi a cikin teku, na nan kusa, amma ba naka ba ne tukuna, ya ci rayuka da dama. In kana da asma, fara ganin likita. Bayan nutso kuma ka jira awa 18 kafin ka hau jirgin sama.