Ko furen Celmisia zai rayu a Kano?

Hajiya, kin ce kin ga hoton wani farin fure mai rawaya a tsakiya, Celmisia, kina son ki sayi irinsa ta intanet ki shuka a tsakar gidanki a Kabuga. Gaskiya ki adana kuɗinki.

Wannan tsiro ɗan tsaunukan New Zealand ne, wasu 'yan uwansa kuma suna kudu maso gabashin Ostireliya. Can yana fitowa ne cikin ciyayin saman dutse, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa lokacin sanyi, ya yi fure wajen Disamba zuwa Janairu, domin a lokacin ne suke bazararsu. Bayan ganyensa akwai wani farin gashi kamar auduga da ke kare shi daga iska da bushewa. Saiwarsa tana son ƙasa mai sanyi da danshi, amma wadda ruwa ba ya kwanciya.

Mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka sanyin hunturu ya isa. Hunturunmu busasshe ne, kuma gajere. Wasu sai su yi ta kwarara masa ruwa don rage zafi, saiwar ta ruɓe.

In fure mai wannan kama kike so, nemi ziniya wajen masu sayar da furanni. Danginsu ɗaya, har da shuwaka ma, in kin yarda. In kuma kin dage sai Celmisia, fara tuntuɓar sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Bayero, sannan shigo da iri daga waje sai da izinin NAQS, hukumar da ke sa ido kan shigo da tsirrai da dabbobi cikin Najeriya.